Sunan da Inna Ba Ta Faɗa Ba

SHAFI NA 14

An soke rahoton da Mardiya Bashar ta rubuta a kan Inna Tambaya ranar Alhamis da hantsi. Sokewar ta zo a makare. Taƙaitaccen kwafin rahoton ya riga ya kwana uku a aljihun babban ɗan Inna, kuma ya riga ya yi wa mai mota magana. Ranar Asabar za a ɗauko tsohuwar daga Fakku a kawo ta Tambuwal, zama na dindindin.

Mardiya ɗaliba ce 'yar aji uku, a fannin koya wa majinyata komawa ayyukansu na yau da kullum bayan ciwo. An turo ta asibiti a Tambuwal koyon aiki na wata biyu. Inna Tambaya mai daddawa ita ce majinyaciya ta farko da aka bari ta yi wa tambayoyi ita kaɗai. Wata huɗu da suka wuce hawan jini ya taɓa wa Inna ɓarin hagu. Ƙafa ta dawo. Hannu ya dawo rabi.

Malama Hadijatu, mai kula da ɗalibai, ita ta soke rahoton. Ba ta ɗaga murya ba.

"Karanta min layi na tara."

Mardiya ta karanta. "Ba ta tuna sunan ɗanta ba, alhali yana zaune a gabanta. An tambaye ta sau uku. Akwai alamar mantuwa. Kada a bar ta ita kaɗai. Kada ta kusanci wuta."

"Sau uku."

"Takardar ta ce a maimaita, Malama."

"Da kika tambaya, mi ta yi?"

"Ta sunkuyar da kai. Ta ja mayafi ta rufe baki."

"Shi fa?"

"Ya kalli rufin ɗaki."

"Ɗanta na nawa ne?"

Mardiya ta duba takardar. Babu gurbin wannan.

"Ban tambaya ba."

"Ɗan fari ne."

Fankar ofishin ta yi zagaye biyu kafin Mardiya ta ɗago kai.

"Ke ta nawa ce a gidanku?"

"Ta fari."

"Uwarki mi take ce maki?"

"Mardiya. In ta ji daɗi, Mardi."

"A ina?"

"Kaduna. Malama, wallahi na san ana yi. Na san akwai iyayen da ba sa kiran sunan ɗan fari. Kawai dai..."

"Kin sani a gida. Da kika sa farar riga sai kika aje shi bakin ƙofa. Minti nawa kika yi da ita?"

"Goma sha biyu."

"Tambaya nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Nawa ta amsa da bakinta?"

Mardiya ta sake duba takardar.

"Ina jin ki."

"Shi ya amsa mafi yawa. Littafinmu ya ce a sa dangi a cikin hirar."

"Littafin bai ce ki zaunar da mace gaban mutumin da ba ta iya kallon idonsa ba, sannan ki ce ta faɗa maki yadda take shiga bayi."

A gabanta Malama ta kira ɗan Inna a waya. Sunansa Nasiruddeen, malamin sakandare ne a Tambuwal. Ya saurara har ta gama.

"Hajiya, takardar asibiti ce, da hatimi. Litinin ku ce haka, Alhamis ku ce ba haka ba? Uwata ce fa. Asabar zan ɗauko ta."

Ya kashe.

Malama ta kife wayar a kan tebur.

"Asabar za mu Fakku. Ni zan tsare shi a zaure, ke ki shiga. Ba takarda, ba biro. Tambaya ɗaya za ki yi, ki rufe baki."

"Har zuwa yaushe?"

"Har shirun ya dame ki."

"In ya dame ni fa?"

"Ki ƙara."

*

Sun hau mota zuwa Kebbe, daga can suka hau babur. Lokacin girbi ne, gari duk yana gona. Ƙarfe sha ɗaya saura suka isa ƙofar gidan.

Mota ta riga su. An ɗaure gado da katifa a sama. Akwatin ƙarfe da buta da darduma suna baya. Wata babbar tukunya baƙa tana leƙowa ta cikin zaure, daga tsakar gida, a kan murhu.

"Waccan ba ta zuwa," in ji Nasiruddeen, da ya ga Mardiya tana kallo. "A gidan haya nake. Maƙwabta ba za su ɗauki warin kalwa ba."

"Malam Nasiru, ba mu minti talatin," in ji Malama.

"Mai mota yana da wani lodi."

"Ashirin."

Ya dubi Mardiya daga sama har ƙasa.

"Ita ce dai ta rannan?"

"Ita ce."

"Ashirin," ya ce.

Inna Tambaya tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakin da aka kwashe. Akwai kujerar roba a gefe. Mardiya ta kai hannu gare ta, ta fasa. Ta tuɓe takalmi ta zauna a ƙasa, a bakin tabarmar.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi." Inna ta ƙanƙance ido. "A'a. Mai tambaya ta. Yau ina takardar taki? Ko an ƙwace?"

"An ƙwace, Inna."

"Madalla da wanda yaƙ ƙwace."



"Na zo ba ki haƙuri. Na tambaye ki abin da ba a tambayar uwa. Da kika yi shiru, sai na rubuta wai kin manta."

"Awo. An karanta man." Inna ta gyara zama. "Ke ɗiyar wa ta? Uwarki na raye?"

"Tana nan."

"In kin koma ki gaishe ta. Ki ce mata da sauran aiki."

"Zan faɗa."

"Saudatu, ranar Lahadi nah haife ta, da damina. Bube, daren sallar layya. Ummu ba ta yi rai ba, kwana tara tay yi. Abdulkarimu shi na auta, shina Sakkwato." Ta ɗaga haɓa ta nuna wajen zaure, ba ta kalla ba. "Shi ko na Tambuwal, Talata ta. Kwana biyu ina naƙuda. Ni za a ce na mance?"

"Ba ki manta ba."

"To mi kika so kuma?"

Tambaya biyar suka taso wa Mardiya a lokaci guda: wanka, sutura, bayi, abinci, barci. Babban yatsanta yana ta neman kan biron da babu shi.

"Ki ba ni labarin yininki, Inna. Tun daga asuba."

"Yinina?"

"E."

"Shi ke nan tambayar?"

"Shi ke nan."

Inna ta yi shiru. Mardiya ma ta yi.

Kaza ta ratsa tsakar gida da 'ya'yanta. Mardiya ta ƙirga su, bakwai. Ta sake ƙirgawa. A waje aka buga murfin bayan mota.  Ta buɗe baki za ta ce "misali, da wane hannu kike alwala," ta rufe.

"Ba a taɓa tambayata wagga ba," in ji Inna. "Kowa sai ya ce ina ka ciwo."

Ta fara. Tana tashi kafin ladan. Buta a hannun dama take, ta koyi karkata ta da gwiwa. Ɗaurin zane ya fi komai ba ta wahala, sai ta jingina da bango ta danne gefe ɗaya. 'Yarta Saudatu, wadda ke aure a gidan da ke bayan katanga, tana miƙo kunu. In rana ta ɗaga sai kalwa: a wanke, a tsince tsakuwa, a zuba a tukunya.

"Shekara arba'in nika yin ta. Daga nan har Kebbe, in mace tas sa daddawa ga miya mijinta yay yi shiru yana ci, tawa ta."

"Sai kuma me, in an zuba a tukunya?"

"Sai in hura wuta."

Ta tsaya.

Mai mota ya danna oda sau biyu.

Mardiya ta lura da abin da ya kamata ta lura da shi tun shigowarta. Duk wannan bayani da hannun dama Inna ta yi shi. Na hagun yana ƙarƙashin mayafi, bai fito ba ko sau ɗaya. Ranar Litinin ba haka yake ba. Ranar ta riƙe shi, ta lanƙwasa yatsun, ta rubuta makin ƙarfinsa.

Ta so ta kai hannu ta ɗaga mayafin. Ta cusa hannayenta a ƙarƙashin cinya.

"Kin tsaya a wuta, Inna."

"Na tsaya."

Mardiya ta bar hannayenta inda suke.

"Mardiya!" Muryar Malama ce daga zaure. "Saura minti bakwai."

Inna ta matso kaɗan. Muryarta ta sauka.

"Ke, kina riƙe magana?"

Amsar da ta fi sauƙi tana bakin Mardiya. Kalma ɗaya ce, kuma da ta faɗe ta mayafin zai ɗaga.

"Ba zan kai maganarki ko'ina a bayan idonki ba," ta ce. "Amma in abu ne da zai cutar da ke, ba zan yi miki alkawarin binne shi ba."

"To ba ki da amfani."

"Wataƙila."

"Ɗiyan zamani. A ce ku yi alkawari, sai ku kawo sharaɗi."

Mardiya ba ta kare kanta ba. Ta kalli tabarma.  A zaure muryar Nasiruddeen ta ɗaga, ta Malama ta sauke ta. Minti ɗaya ya wuce, wataƙila biyu.

Inna ta janye mayafin.

An naɗe hannun da tsumman atamfa, daga wuyan hannu zuwa gindin ƙaramin yatsa. Ta warware da haƙori da hannun dama. Fatar gefen tafin ta saɓule, faɗin yatsa uku. An shafa zuma. Gefen ciwon ya yi ja, ya kumbura.

Mardiya ta riƙe fuskarta yadda take. Wannan kaɗai ta tuna daga darasin aji biyu.

"Yaushe?"

"Laraba. Ina juya kalwa da dama, ashe wanga na ɗora shi ga bakin tukunya. Ban ji komi ba. Ƙauri nij ji. Nic ce wa ka babbaka da rana tsaka, ba suna ba, ba salla ba?" Ta yi 'yar dariya. "Ashe ni ta."

"Ba zafi ko kaɗan?"

"Ko na cizon sauro."

"Shi ne na farko?"

Inna ta juya hannun. A bayan yatsu biyu akwai tabon da ya riga ya bushe.

"Na biyu."

"Wa ya sani?"

"Allah. Sai ke."

"Saudatu fa?"

"Saudatu bakinta kamar rariya. Kafin la'asar an ji Tambuwal."

Ranar Litinin Mardiya ta gwada ƙarfin wannan hannun. Ba ta gwada ko yana jin zafi da sanyi ba. Gurbin yana shafi na uku, kuma Nasiruddeen ya ce lafiya lau take ji, ta sa alama ta wuce.

"Inna, me ya fi ba ki tsoro a Tambuwal?"

"Wa yac ce tsoro nika ji?"

Mardiya ta jira.

"An ce ɗaki da fanka. Da talabijin." Inna ta fara mayar da tsumman. "A aje ni kamar buhun gero. Matarshi mutuniyar kirki ta, amma aiki taka zuwa, tun safe sai la'asar. Shi ka dawowa da azahar. In ƙishirwa tak kama ni, wa zan ce ma? Shi? In zanena yak kwance, wa zan kira? Ko sunan da zan yi kira da shi ban da. Nan ko, in nay yi tari, Saudatu na ji ta katanga."

"Kin faɗa masa haka?"

Inna ta dube ta kamar ta yi sabon hauka.

"Yo ta wane baki?"

"In an sami yadda za ki ci gaba da daddawarki ba tare da hannun nan ya kusanci tukunya ba fa?"

"Kamar yaya?"

"A ɗaga murhun, kada ki riƙa sunkuyawa kina dafawa. A yi miki muciya mai dogon hannu. Hannun hagu ya zauna a cinya, a cikin zane, duk lokacin da wuta ke ci. Ɗora tukunya da sauke ta, Saudatu. Kuma kada a hura wuta sai tana gida."

"Kin iya duk wanga?"

"Malamata ta iya. Ni ina koyo."

"Awo. Na ga koyon naki."

"Amma ciwon nan sai an wanke shi yau. Ya fara ja. Ki ba ni izini in faɗa wa Malama."

"Ita kuma ta faɗa ma na Tambuwal."

"Ban sani ba. Zan roƙe ta ta fara magana da ke. Ba zan ce miki na san abin da za ta yi ba."

"In yaj ji, ko buta ba ya bari in ɗauka. Yau ɗin nan za ya sa ni mota."

"Zai iya."

"Kin ko iya lallashi."

"Inna, in faɗa?"

Inna ta ƙarasa ɗaurin da haƙori. Ta mayar da hannun ƙarƙashin mayafi. Ta kalli tukunyar.

"Kalwata tun jiya take bisa murhu, rabin dafuwa. Sun zo sun hana ni. In ba a ƙarasa ta yau ba, ta lalace."

"Inna."

"Tashi, ɗiyata. Suna jiran ki."

Ba ta ce e ba. Ba ta ce a'a ba.

*

A zaure Nasiruddeen yana tsaye, kwafin rahoton a buɗe a hannunsa. Malama tana zaune a dakali. Ta riga ta gaya masa maganar sunan da ke layi na tara, wadda ba ta cikin kwafinsa.

"Ashe a kan wannan aka rubuta mantuwa?" ya ce wa Mardiya. "A kan sunana?"

"E, Malam. Kuskurena ne."

"Shekarata arba'in da ɗaya. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ranar da na karye a ƙafa ina yaro, ƙanwarta ta aiko ta duba ni, ita tana bayan ƙofa tana leƙe. Kika zo kika ce ta faɗa, sau uku, ina zaune. Ni kaina na rasa inda zan sa ido."

"Na gani. Ban gane ba a lokacin."

"Kwana biyar ban yi barcin kirki ba. Ina cewa uwata ta fara ruɗewa, wata rana za ta fita ta ɓace a daji."

"Ba ta ruɗe ba. Hankalinta ya fi nawa."

"Wannan kam ba gardama," in ji Malama.

Nasiruddeen ya ninke takardar gida huɗu. Ya sa a aljihu, ya sake fito da ita.

"Kuna ganin daɗi nake ji? Na san ba ta son zuwa. Tun safe ba ta ce uffan ba, ko ruwan da na kawo ba ta sha ba. In na kai ta can, zama za ta yi tana kallon bango. Na sani."

Mai mota ya leƙo.

"Malam, a ƙara ɗaure ko a sauke? Rana na yi."

"Dakata."

Ya juyo ga Mardiya.

"Ke kika rubuta ta farko. Ke kuma kika shiga yanzu, kin fi minti ashirin. Ni ba za ta taɓa faɗa min komai ba, har ta mutu. Ke ta faɗa miki."

"Mun yi magana."

"To dube ni. Ki ce in na bar ta a nan da tukunyarta babu abin da zai same ta. Ki faɗa da bakinki, yanzu in sa a sauke kayan nan."

Mardiya ta kalli Malama.

Malama ba ta san abin da ke ƙarƙashin mayafin ba. Ta ɗaga gira kawai, tana jira kamar kowa.

"Malam, ina so in fara magana da Malama, mu biyu."

"A kan me? In lafiya ce, kalma ɗaya ce. In ba lafiya ba, ni ne ɗanta."

"Minti biyu kawai."

"Akwai wani abu ke nan."

"Ban ce ba."

"Ba ki ce babu ba."

Daga cikin gida aka ji an karya kara. Aka sake karya wani.

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin da biyar. Saudatu tana gona tun safe. Mardiya ba ta ba da amsa ba tukuna.

Ta saman katanga, daidai inda murhun Inna yake, hayaƙi ya fara tashi.